A Ƙarƙashin Jar Mota

Talata, 14 ga Mayu, 1974

Har yanzu raina bai huce ba. Da hantsi na tashi daga unguwarmu ta Lewisham don in duba jar motar nan ƙirar Italiya, wadda nake so ta maye gurbin koriyar motata, tunda birkin koriyar ya soma yin sanyi a lanƙwasa ta uku duk Asabar ɗin da na shiga filin tseren motoci.

Baturen da ke sayarwa ya dubi babbar rigata, ya ce, "Yallaɓai, mutanenku masu man fetur launi kawai suke zaɓa. Yaushe direbanka zai zo ya ɗauka?"

Direba! Ni da na yi shekara talatin ina kwance injin jirgin ƙasa a Zariya.

Na sa aka ɗaga motar da jak, na tuɓe riga na ninke, na shimfiɗa jarida, na shige ƙarƙashinta da tocila. Cikin minti biyar na nuna masa inda mai yake tsattsafowa daga bututun birki. Fuskarsa ta yi ja kamar motar.

Sai dai da na zo miƙewa, gwiwa ta ƙi. Shi ɗin ne ya kama ni ta hammata ya ɗaga ni.

Da na koma gida, na ba matata Hajiya rabin labarin. Ta dubi ƙurar da ke bayana, ta ce, "Injiniya, wa ya tashe ka?"

Motar ta fi tawa, wannan babu shakka. Zan saya, amma a wani shagon, inda babu wanda ya taɓa riƙe hammatata.