Wa Zai Tsaya Gaban Arzika?

Zuru, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Rabi, Kanya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, da Inna, da maigidanki, da yara duka. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya ga makaranta. Na kira wayar maigidanki har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba Usama direba wagga takarda.

Na samu aiki wurin buga bulo, bakin hanyar Dabai. Aikin bai fi ƙarfina ba. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in an tashi. Kowa shi wanke ƙafa shi nufi gidansu, ni in koma ɗakin ajiyar siminti in zauna. Abokan aikina yarensu suke yi. In sunka yi dariya ni ma in yi, ban san mi anka ce ba.

Rannan bayan la'asar na ji ihu cikin wata firamare. Na aza faɗa ake, na ruga. Sai na iske mutane cikin fararen kaya, ba takalmi, sun yi sahu, suna naushin iska. Yaya, iska! Ba kowa gabansu. Na tsaya ga taga ina kallo har wani tsoho ya ce, "Kai mai siminti ga kai, ko ka shigo ko ka wuce, kana tare muna haske." Na shiga.

Sunanshi Baba Sila, tsohon soja ne. Abin da suke yi sunanshi karate, na mutanen Japan. Kowa da ɗamara ga ƙugu, launinta shi ke faɗin inda ka kai. Sabo fara, sannan ruwan ɗorawa, sannan ruwan lemu, kore, har a kai baƙa irin ta Baba Sila. Ba saye ake ba, sai an gwada ka gaban mutane. Ni fara anka ba ni, anka aje ni ƙarshen sahu tare da yaran da ba su kai ƙuguna ba.

Na ce mishi ni ɗan dambe ne, gidanmu gidan mahauta. Ya ce nan hannu shina fita da ƙarfinshi duka, amma shi tsaya dab da fuskar mutum, faɗin yatsa biyu, kada shi taɓa. Na ce, "To Baba, mi ne amfanin fitar?" Yara sunka yi ta dariya. Amma ko dariyar na ji daɗinta, don da Hausa sunka yi ta.

Ki gaida Inna. Ki ce mata ina cin abinci.

Ƙanenki, Arzika.

*

Kanya, ranar kasuwa

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya lau, Inna na gaishe ka. Na karanta mata takardarka, na tsallake wurin ɗakin siminti.

Ashe Zuru ka tahi ka yi dambe da iska? Wa ya kashe wani, kai ko ita? Maigidana ya ce in tambaye ka ko iskar ma ana ɗaure mata kara ga hannu. Kai da kiɗan kalangu ke hana ka gama tuwo, yanzu an aje ka sahun yara da igiya fara. Allah Ya jiƙan Baba, da shina da rai da ya yi tattaki ya gani da idonshi.

Amma ka ci gaba da zuwa. Na fi son ka cikin masu ihu da ka zauna kai ɗaya kana kallon buhu. Ka samu ko mutum guda da zai san ba ka zo ba ranar da ba ka zo ba. Ga ƙuli-ƙuli da yaji nan hannun Usama, ka ƙirga ƙullin, na san halinshi.

Yayarka, Rabi.

*

Zuru

Yaya Rabi,

Sallama da gaisuwa. Ƙuli ya iso, ƙulli ɗaya da rami ga gindi.

Na samu ruwan ɗorawa! Gwajin ba wuya, kai ɗaya kake yi. Akwai wata tahiya da suke ce ma kata, ka yi taki, ka tare, ka yi naushi, ka juya, kamar mutane sun kewaye ka alhali ba kowa. Wannan na iya shi, don da ma haka nike zaune garin nan.

Kuma na samu mutumin da kika ce. Sunanshi Aaron, ɗan Dabai, sa'ana ne, shi ma ruwan ɗorawa. In Baba Sila ya ce kowa shi ɗauki abokin yi, sai shi jawo hannun rigata. Shi ya koya mini ƙirgan mutanen Japan, ici, ni, san. Ya ce ina faɗinshi kamar mai kiran awaki. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ya zo har ɗakin siminti da kunu cikin gora.

Gwajin ruwan lemu sai da aboki, ɗaya shi kawo naushi ɗaya shi tare. Ni da Aaron za mu yi. Ku sa mu ga addu'a.

Arzika.

*

Zuru

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lahiya. Na daɗe ban rubuto ba. Usama ya zo ya koma sau da yawa, ina ɓoye mishi.

Yaya, na yi ɓarna.

Ranar gwaji mutanen su Aaron sunka zo daga Dabai, uwarshi da ƙannenshi da yarinyar da zai aura, Rachael. Sun aza irin kokawar garinsu ce, sunka zo da ganga. Baba Sila ya ce a aje ta waje. Da anka kira mu munka rusuna ma juna, sai wani daga waje ya ɗora ma gangar hannu.

Kin san ni da kiɗa. Wallahi ban yi niyya ba. Na ji shi ga ƙafafuna, na ji shi ga wuyana, ɗakin ya koma mini fagen bayan kasuwa. Aaron ya tare na farko, ya tare na biyu. Na ukun bai tsaya ba. Na ji haƙori ga hannuna.

Da nan abin ya ƙare da sauƙi. Amma da ya faɗi, sai na ɗaga hannu sama na zagaya fili ina kirari, yadda Babanmu ke yi in ya kashe mutum ga dambe. Sai da na kai tsakiyar kirarin na ji muryata ita ɗaya ce cikin ɗakin. Gangar ta yi shiru. Uwarshi ta durƙusa tana tare mishi jini da ɗankwalinta, tana kallona.

Baba Sila bai kore ni ba. Da ma ya kore ni. Ya ce ba zan sake shiga gwaji ba sai wani cikin ɗaliban ya yarda da kanshi ya tsaya gabana, kuma shi ba zai tilasta ma kowa ba. Ya rataye lemun tsami da zare ga kusurwar ɗaki, ya ce in yi ta kai mishi naushi, in ya motsa in sake.

Yanzu in anka ce kowa shi ɗauki aboki, sai in ji ƙafafu suna ja baya. Ba mai zagina. Suna gaishe ni ma. Sai dai in na duba dama in ga ƙeya, in na duba hagu in ga ƙeya, sai in tahi wurin lemuna. Yaran da na riga shiga sun sa kore. Aaron bai dawo ba.

Kada ki karanta ma Inna wagga.

Arzika.

*

Kanya

Arzika,

Sallama. Na karanta, na aje, na sake karantawa. Inna ta gani ga fuskata, dole na faɗa mata. Ta ce ka tattaro ka dawo. An fara yankan gero, 'yan dambe sun fara yawo, nan ko ba komi in ka ɗaga hannu akwai masu amsa maka. Ita ke nan maganarta.

Tawa daban. Duk tsawon takardarka ban ga inda ka ce ka je ka duba yaron nan ba. Ka je? Mutum ya kawo maka kunu kana kwance, ka cire mishi haƙori gaban yarinyarshi, sannan ka koma kana hira da lemun tsami?

In za ka dawo, ƙofa buɗe take. Amma ka bi ta Dabai tukuna.

Rabi.

*

Zuru

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Kin yi mini faɗa, na karɓa. Amma ki tuna abin da Babanmu ya koya muna. Wanda ka kayar ba ka bin shi gida da sannu, cin fuska ne, sai ka bari shi fara fitowa da kanshi. Ni ina nan ina kiyaye mishi mutunci, ashe su suna can suna cewa mahaucin nan ko sannu. Ban sani ba, wallahi. Ba wanda ya faɗa mini.

Na tahi ranar Asabar. Uwarshi na shanya dawa ga dutse. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kawo mini ruwa, ta nuna mini hanyar gona da baki.

Na iske su gonar uban Rachael. Al'adarsu ce, saurayi shi kwaso abokanshi su yi ma surukai aiki shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Suna cikin yankan dawa, suna waƙa. Da sunka gan ni waƙar ta mutu. Duk maganar da na shirya ga hanya ta gudu. Na ga lauje aje gindin itace, na ɗauka, na kama kunyar ƙarshe.

Haka munka yi har rana ta karkata. Ba wanda ya ce mini zo, ba wanda ya ce mini tahi. Da anka kawo abinci sunka zauna da'ira, ni na zauna nesa kaɗan. Wani ya turo mini kwano da ƙafa, bai dube ni ba. Na hangi Aaron shina magana da hannu rufe da baki. Da can ba shi da aiki sai dariya.

Da za ni tahi na je gabanshi na ce, "Aaron, ka yi haƙuri." Ya dubi hannuna, bai dubi fuskata ba. Ya ce, "An ji."

Gwaji na gaba ƙarshen watan ga ne. In ba wanda ya tsaya, zan ninke kayan karate in mayar ma Baba Sila, in biyo Usama. Ki ce ma Inna haka.

Arzika.

*

Dabai

Arzika,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba na so in yi maka magana da baki, don yanzu in na ce "sannu" fito ke fita. Rachael ta ce in yi waƙa a coci ba sai an kawo sarewa ba.

Naushin bai dame ni ba. Kakana soja, babana soja, mun san jini. Rawar da ka yi a kaina ita ce. Mamana tana gani.

Amma baban Rachael ya ce wane ne Bahaushen nan da ya yanka kunya biyu kafin mu gama ɗaya, bai ce uffan ba. Na ce wanda ya cire mini haƙori ne. Ya ce to in riƙe ka, zai yi amfani baɗi.

Ban gama fushi ba, kada ka yi murna. Zan zo ranar gwaji. Na hana su zuwa da ganga. Sauran haƙorana ina son su.

Aaron.

*

Zuru

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum, ke da Inna da kowa.

Aaron ya zo. Da anka kira sunana, sai ya taso ya tsaya gabana, munka rusuna.

Munka fara. Na kai naushi ya tsaya nesa, akuya ma sai ta wuce tsakaninmu. Baba Sila ya ce in sake. Na sake, haka. Sai Aaron ya yi taki ɗaya, ya kawo fuskarshi da kanshi har numfashinshi na taɓa yatsuna. Ya ce a hankali, "Nan ake tsayawa, wawa." Da fito maganar ta fita. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ban ci gwajin ba. Baba Sila ya ce dā hannuna ba ya jin tsaya, yanzu ba ya jin tahi, sai gwaji na gaba. Ɗamarata tana nan ruwan ɗorawa.

Ki ba Inna haƙuri, ba zan zo damben bana ba. Aaron ya ce Litinin in zo da wuri, aikin da ke gabanmu da yawa.

Ku huta lahiya.

Ƙanenki, Arzika.