Rabin Ƙwayar da Na Ba Ɗan Yayata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, ko harafin farko kada a sa. Na san in kun gama karantawa wasunku za su ji kamar su shararo mini mari, kuma ba zan ce ba ku da gaskiya ba. Amma ku fara ba ni shawara tukuna, don zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa, bai kuma warkar da kowa ba.

Ni tela ne a nan Dutse, ɗinkin maza nake yi. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Buji. Ni ne auta a ɗakinmu, mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, babbar yayata ce ta goye ni ta raine ni, har gidan aurenta da ni ta tare. Har gobe Auta take ce mini. Ɗanta na fari, bari in kira shi Nura duk da ba sunansa ba ne, shi ne dalilin wannan rubutu.

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa wa Nura suna Yaya ba ta taɓa furta shi ba. "Yaron nan" take cewa, in kuma da ni take magana ta ce "ɗan naka". Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi yana rarrafe sai dai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ranar da ya samu gurbin karatu a jami'a a nan Dutse gida ya kaure da guɗa, ita kuwa tana bakin murhu tana iza wuta kamar ba da ita ake ba. Da za mu tafi ta biyo ni zaure ta miƙo mini ƙullin kuka da daddawa, ta ce, "Auta, ga shi nan. Amana." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da sana'armu. Idan azumi ya raba tsakiya ɗinkin sallah ya taso, tela ba shi da barci. Yadi jibge har rufin shago, kowa na cewa nasa ne na gaggawa, kai kuma ka ɗauki alkawarin da ko aljani ba zai iya cikawa ba. Wasunmu, ban ce duka ba, da tiramol muke taka keken nan. Ba ma ce masa shaye-shaye, "maganin aiki" muke cewa. A wurinmu ɗan shaye-shaye shi ne wanda ke tangaɗi a bakin tasha, ba magidanci mai neman halal ba. Ni ma ina sha a lokacin, daga sallah sai sallah, a aljihun keke nake ajiye shi ƙarƙashin zare.

A shekararsa ta farko jarrabawarsu ta faɗo cikin azumi. Ya zo shago bayan an sha ruwa da littattafansa, yana karatu yana gyangyaɗi har goshinsa na bugun teburin yanka. Ya ce, "Kawu, kai wai yaya kake yi ba ka gajiya? Wallahi in na faɗi wannan jarrabawar ban san da idon da zan kalli Baba ba." Me ya hana ni in ce ya je ya kwanta ya tashi da sahur? Me ya hana ni in aika a karɓo masa shayi? Sai kawai na jawo aljihun keke, na ɓalla ƙwaya gida biyu, na miƙa masa rabi. Har da zolaya na ce, "Ungo maganin malalata, amma daga yau kada in ƙara jin zancen." Ya yi dariya ya kora da ragowar kunu. Ya ci jarrabawar da sakamako mai kyau, ni kuma, kunyar faɗa nake ji, har alfahari na yi a raina wai na taimaki ɗan Yaya.

Ni Allah ya taimake ni na daina, don da na yi aure matata ta gani a aljihun rigata ta tayar mini da ƙayar baya har sai da na rabu da shi. Nura bai daina ba. Ya samu abokai a makaranta da suka fi ni sanin hanya, daga rabi ya koma guda, daga guda ya koma abin da ban sani ba, aka haɗa da kodin a robar lemo. Ina kallo yaron ya fara zubewa, ido ja, yawan soshe-soshe, abu kaɗan ya harzuƙa. Yaron da a da in na shigo sai ya miƙe ya karɓi abin hannuna. Ina gani, amma da wane baki zan yi masa faɗa?

Wata rana aka kira ni daga makarantarsu, da yake lambata ce a wurinsu. Wata malama ce a ofishin da ke ba ɗalibai shawara. An samu ƙwayoyi a ɗakinsu, shi ma ya amsa yana sha. Wallahi matar nan ba ta wulaƙanta mu ba. Ta ce ba korarsa suke so su yi ba, suna da tsarin da suke bi da irin waɗannan yara, a haɗa su da likita a riƙa bibiyarsu, amma dole iyaye su sani don da su za a yi aikin. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce, "Hajiya, ai ni ne komai nasa. Iyayensa mutanen ƙauye ne, ba za su gane ba." Ta ce, "Malam, mutanen ƙauye ma sun san ciwon ɗansu. Ka gaya musu." Sannan ta tambaye ni ko na san inda ya fara. Na ce, "Abokan banza ne kawai, Hajiya." Nura yana zaune gefena kansa a sunkuye. Da na faɗi haka sai ya ɗago ya kalle ni.

Muna fitowa na hau shi da faɗa, irin borin kunyar nan. Ya bari sai da na gama ya ce, "Kawu, ni ban tona ka a ciki ba, kai ma kada ka tona ni a gida. Ranar da Baba ya ji, ranar zan faɗi wanda ya fara ɓallo mini." Daga ranar ban ƙara ɗaga wayar malamar nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na yi amfani da kunyar Yaya. Duk zuwan da zan yi gida za ta tambaye ni iyali, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni zafin Dutse, can a ƙarshe tana kallon ƙasa ta ce, "Yaya mutanen wajen naku?" Na san wa take nufi, ita ma ta san na sani. Sai in ce, "Duk lafiya lau, Yaya." Shi ke nan, ba za ta iya ƙara ko kalma ba. In hau mota in dawo ina lallashin kaina wai ai ban yi ƙarya ba, tunda ba ta tambaye ni shi ba. Wace irin zuciya ce wannan? Matar da ta goye ni, na mayar da alkunyarta bargon rufe laifina.

Faɗuwarsa ta farko a shagona ya yi ta, da rana tsaka. Yana tsaye sai ya zube yana shure-shure, kumfa na fita ta baki. Muka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya keɓe ni ya ce ƙwayar ce, tana kawo irin wannan farfaɗiyar, kuma in ya ci gaba wata rana zai iya faɗuwa bai tashi ba, ko ya faɗa ruwa ko wuta. Ya ce ba abin da zai yanke shi kaɗai a ɗaka ba ne, sai an sa shi a magani ana kula da shi. Nan ma na ce to, na gode, na haɗiye maganar. Da hutu ya zo ya tafi gida, sai ya faɗi a gona gaban mahaifinsa suna yankan gero. Nan take gari ya ɗauka iska ce ta buge shi, wasu suka ce bakin mutane ne, tunda shi ne na farko a zuriyar da ya taka jami'a.

Yanzu haka yana gida, an koma makaranta bai koma ba. Ana ta ruƙiyya, ana rubutu, ana hayaƙi. Ba raina addu'a nake ba, Allah ya tsare ni, amma na san abin da ke jikin yaron nan ba aljani ba ne. Shi kansa malamin da ke masa ruƙiyyar sai da ya tambaya ko yana shan wani abu, mijin Yaya ya fusata ya ce, "Ɗana a hannun kawunsa yake, da yana sha da tuni mun ji." A gabana ya faɗa, ya juyo yana jiran in gaskata shi, na kuwa gyaɗa kai. Kuma na san duk ranar kasuwa Nura na sulalewa ya samo wurin masu tallar magani, don na gani a idonsa.

Juma'ar da ta wuce na je dubiya. Na same shi kwance a tabarma, harshensa duk ya tattaune, ga ƙuna a damtsensa, wai a kusa da murhu ya faɗi. Ya kalle ni ya juya fuska bango. Da maza suka fita masallaci ina shirin bin su, Yaya ta yafito ni bayan rumbu. Ta rame, zanin ma da ƙyar yake zama a ƙugunta. Ta ce, "Auta, ni na goye ka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Sai ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido ta ce, "Me ya sami Nura? A hannunka yake. Ka gaya mini me ya sami Nurana."

Jama'a, tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kunyar da ta riƙe tun tana amarya ta ajiye ta a gabana saboda ɗanta na mutuwa. Kun san abin da na ce? Na ce, "Yaya, sai dai mu ci gaba da addu'a." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To. Allah ya saka maka da alheri da ɗawainiyar da kake yi da shi." Har gyaɗa ta ƙullo ta ce in kai wa matata.

Tun da na dawo ban iya zura zare a allura ba. In na faɗi gaskiya duka, na san na rasa Yaya, kuma ba ni da wata uwa bayan ita. In na ce yana sha na ɓoye nawa laifin, Nura zai ƙarasa musu zancen, in zama maci amana kuma maƙaryaci. In na yi shiru, tsoro nake wata rana a kira ni a ce in zo jana'iza, in tsaya a sahu ana yi mini ta'aziyya. Na yi ƙarfin hali na kira malamar nan jiya, ta ce har yanzu ƙofa a buɗe take in iyayensa za su zo da shi, amma kullum aka ƙara kwana abin ƙara nisa yake. Ta ina zan fara? Yaya zan tunkara, ko mijinta, ko in nemi wani babba ya raka ni? Gyaɗar tana nan a kan keke na kasa kai ta gida, kuma gobe ranar kasuwar garinmu ce.

Don Allah, me zan yi?