Ƙorafi Kan Mayar da Gadata Bayan Ginshiƙi

Zuwa ga: Mai girma Prabhakar Gokhale, Shugaban Ƙungiyar Masu Ƙera Ƙananan Jiragen Ƙasa na Wasa, Sadashiv Peth, Pune

Daga: Sulochana Kelkar, tsohuwar malamar lissafi

Kwanan wata: 22 ga Oktoba, 2018

Game da: Gurbin da aka ba falankina a nunin Diwali, bikin fitilu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Shugaba ya sani kowane ɗan ƙungiya falanki guda yake ginawa a gidansa, ranar nuni a haɗa su baki da baki, layin dogo ya zama zobe, jirgi ya kewaya. Nawa shi ne gadar kogi, wadda na sassaƙa da gora. Tun kafuwar ƙungiya tana gaban ƙofa.

2. A taron 14 ga Oktoba aka mayar da ita bayan ginshiƙi, kusa da inda ake tuɓe takalma, aka ba Vasanti Apte, wadda ta shigo bara da falankin tashar jirgi, gurbina.

3. Hujjar kwamiti ita ce wai bisa al'ada tasha ake sawa a gaba. Al'adar wa? Na girmi ƙungiyar nan da duk wanda ke cikinta, ban taɓa jin ta ba sai ranar da Vasanti-tai, wato Yaya Vasanti, ta zo da faranti cike da alewar laddu.

4. Tashar tata ta roba ce, ɗanta ya aiko daga Jamus a kwali. Har dusar ƙanƙara ce a rufinta, a Pune. Ba hassada nake yi ba. Fitilunta na da kyau, na tsaya na daɗe ina kallo. Sai dai da Shugaba ya ce mata, "Tai, hannunki akwai albarka," ban gane wane hannu ba, sai ko wanda ta yage kwalin da shi. Ni iyakar abin da aka taɓa ce mini shi ne, "Goggo, matsa, kin tare haske."

Saboda haka ina roƙon a mayar da gadata gurbinta kafin ranar nuni. In hakan ya gagara, zan riƙe ta a gida cikin ladabi. Shugaba ya san abin da ke samun zobe in an cire masa yanki guda, kuma jirgi ba ya ƙetare kogi a kan fitilu.

Huta lafiya, tare da biyayya,

Sulochana Kelkar