Ɗanka da Ɗana, Rana Guda

Zuwa ga aminina, marigayi Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, na zo maka da labarin ɗanka, wanda matarka Hadiza ta haifa bayan rasuwarka aka mayar masa da sunanka. Sati biyu ya ba nawa Aliyu.

Ka tuna shekarar da aka yi mana kaciya a Kebbe? Lokacin sanyi, muna 'yan shekara bakwai, an jera mu a zauren kakanka. Kai da ka cika unguwa da cewa ba ka kuka, kai ka fara tsala ihu tun wanzami bai buɗe zabira ba. A tabarma ɗaya muka yi jinya, muna faɗa kan cinyar kaza. Can amincinmu ya samo asali.

Amma aska ɗaya aka bi mu da ita duka. Ni na warke na koma wasa, naka ya kumbura ya yi ruwa, mahaifiyarka ta ƙare a tsaye. Wannan ba ka cika son a tuna maka ba. Abin da kake yawan faɗa shi ne, "Ɗana da ɗanka wuri guda za a yi musu, awa yadda anka yi muna."

Maganar nan ta hana ni sakat, Garba, don gidanku ya rabu. Baffanka ya ce a jira shekara bakwai a kira wanzami, yaro ya san zafi ya zama namiji. Ƙanenka Nasiru ya ce jikin yaro nasa ne, a bari ya girma ya zaɓa. Baffa ya yi masa kallon da ka sani. Ni ban raina maganar Nasiru ba, amma na ce masa addininmu ya riga ya yi mana wannan zaɓin, saura mu zaɓi hannu mai tsabta.

Sai na tambayi wadda kowa ya manta da ita. Hadiza ta ce jariri ya fi saurin warkewa, kuma ita da ta rasa miji ba za ta yi caca da ɗa ba.

Don haka ranar Litinin muka ɗauki yaran biyu zuwa asibiti a Tambuwal, kowa da kayan aikinsa sabo, aka buɗe a gabanmu. Baffa yana fushi da ni har yau. Zai huce, ni kuwa ban yi nadama ba.

Da aka gama, aka kwantar da su gado ɗaya. Naka ya riga nawa kuka, kuma ya fi shi ƙara. Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan ban iya tsayar da su ba. Ina kewarka, abokina.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya raya mana su, Ya sa su riƙe juna fiye da yadda muka yi.

Naka abokin tabarma,
Umaru