Kuregen da ya cinye gyaɗarki

Hadijatu,

Assalamu alaikum daga Kanada. Ina fata kina lafiya, ke da Khairunnisa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Wanda ya fara da tura baro a kasuwar Mai'adua, ai tuƙin babbar mota ba zai gagare shi ba. Sanyi ne dai, da shirun ɗaki, amma ba komai.

Gyaɗar da kika aiko ta iso, Allah ya yi albarka. Kar ki faɗa wa kowa, kurege ne ya ci rabinta. Ni da nake harbinsu da danƙo a gonarmu ta Babban Mutum! Na nan ba a rami yake kwana ba, sheƙa yake yi da busassun ganye a bishiyar bayan gida. Da farko ina buɗe ƙofa sai ya tsere. Sai na riƙa zuba gyaɗa ina zama shiru. Jiya da kansa ya zo ya ɗauka a tafina.

To, ga roƙona. Ranar da yarinyar nan ta ga fuskata a waya ta ɓuya bayanki, na ce ban damu ba. Na damu. Amma ki daina yi mata tsawa, tana goye na tafi, ina za ta san ni? In na kira, ki jingina wayar a jikin randa, ki ci gaba da aikinki. Zan zauna shiru har ta matso da kanta. Yanzu na iya.

Ki ce Inna ta sa mana albarka.

Mijinki,
Mainasara