A Bar Jiniya a Bakin Rafi: Rasuwar Ambasada Almustapha Sammani

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuntar Ma'aikatan Batsari da Safana ta samu labarin rasuwar uban ƙungiyarta, Mai Girma Ambasada Alhaji Almustapha Sammani, tsohon babban darakta mai kula da harkokin tsaro da haɗin gwiwar ƙasashen maƙwabta, kuma tsohon jakadan Najeriya, wanda Allah Ya karɓi ransa da safiyar jiya Lahadi a wani asibiti a Katsina, bayan jinyar da ta cinye masa daminar bana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi jana'izarsa bayan sallar la'asar a mahaifarsa, Tudun Iyatu, ƙauyen da ke tsakanin Yasore da Babban Duhu. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, ya bar mai ɗakinsa Hajiya Zuwairatu, da 'ya'ya shida waɗanda Dakta Ramlat ce babbarsu, da jikoki da dama.

Marigayin ya kama aikin gwamnatin tarayya a ƙarshen shekarun 1970, a lokacin da kowane sabon jami'in harkokin waje burinsa a tura shi Turai, amma shi sai ya roƙi a ba shi teburin kan iyaka, wanda ba mai kishi da shi a kai. Ya koyi Faransanci da girmansa, yana kuma yin sa da lafazin Batsari har ya bar aiki, ga Fulatancin da ya taso da shi a wajen dangin mahaifiyarsa. Da waɗannan harsuna ya zauna teburori masu yawa a kan sintirin haɗin gwiwa, da bin sawun shanun sata idan sun tsallake iyaka, da buɗe burtalin da gonaki suka cinye, da yadda jami'in wannan ƙasa zai kira takwaransa na waccan kai tsaye ba sai takarda ta zaga manyan birane biyu ba. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaidi wata ɗabi'a tasa da ba ta canzawa: kafin ya tambayi abin da za a tattauna a taro, sai ya fara tambayar inda masu bindiga za su tsaya. Ya taɓa ɗage zaman wakilan ƙasashe uku saboda masu gadin wata tawaga sun jeru a ƙarƙashin tagar ɗakin taron, ya ce mutumin da yake hangen bakin bindiga zai sa hannu a kan komai, amma ba zai cika ko ɗaya ba. Ƙananan ma'aikata suka laƙaba masa Sarkin Ƙofa a bayan idonsa, da labarin ya kai kunnensa bai nuna ya ji haushi ba.

Daga nan ya riƙe muƙamin jakada a ƙasashe biyu na yankin Sahel, ya dawo ya shugabanci sashen tsare-tsaren tsaro, ya kuma jagoranci wakilan Najeriya a zaman kwamitocin haɗin gwiwa har zuwa ajiye aikinsa. Ƙungiya ba za ta ce ya kawo zaman lafiya a yankin ba, domin duk mai sauraren rediyo ya san halin da ake ciki, shi ma da bakinsa yakan ce rabin yarjejeniyoyin da ya wahala a kansu sun riga shi mutuwa. Mutum ne mai taurin kai, mai jinkirin ba da amsa, wanda ba ya ɓoye hammarsa idan jawabi ya yi tsawo, ko da na minista ne. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ce ya yi masa alkawari ya saɓa ba, a nan gida ko a tsallaken iyaka.

Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka zai zauna a Abuja kamar sauran tsararrakinsa, sai ga shi ya kwaso kayansa ya dawo Tudun Iyatu a daidai lokacin da mutanen garin ke ɗaure nasu kayan suna barinsa. A nan ya ƙulla yarjejeniyarsa ta ƙarshe, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ya zaunar da Mai Unguwar garin, da Ardo Nafi'u, shugaban rugagen da ke yamma da gari, da Dattijo Gagare, babban Kiristocin unguwar, suka amince da magana guda: babu mai tsallake Rafin Kanya ya shigo ɓangaren gari da makami, manomi ne ko makiyayi, ɗan sa-kai ne ko baƙo. Wannan bai kori ɓarayin daji ba, shi ma bai taɓa cewa zai kore su ba. Abin da ya jawo shi ne duk wanda aka gani da bindiga a ɓangaren gari an san ba na gida ba ne, don haka makiyayi yakan tsegunta wa manomi, manomi ya tsegunta wa makiyayi, a kauce kafin ɓarna ta iso. Gonakin da aka bari suka koma saura, aka sake nome su. Marigayin ya fara da kansa, domin ɗan sandan da aka ba shi bai taɓa taka ƙofar gidansa da bindiga ba.

Sau ɗaya aka karya wannan doka, kuma ba abokan gaba ne suka karya ta ba. Bara waccan, da ƙanen marigayin ya rasu, wata tawaga ta tsofaffin abokan aikinsa ta zo masa gaisuwa ba tare da sanarwa ba, ta keta rafin da jiniya da motocin a-kori-kura cike da masu tsaro. Mutanen gari suka ɗauka hari ne suka watse cikin daji, mata na jan yara. Mutanen ruga suka ɗauka an ci amanarsu an kawo musu samame, suka kora shanu a guje ta cikin dawar da ba a girbe ba. Kafin a fahimci cewa gaisuwar mutuwa ce, gonaki sun kwanta, matasa biyu sun ji rauni a rigimar da ta biyo baya. Marigayin ya ƙare ranin waccan shekarar yana bin tabarma tabarma yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Ƙungiya ba za ta ambaci sunan kowa ba, domin da kyakkyawar niyya suka zo, kuma ya yafe musu tun yana raye.

Jiya motar da ta ɗauko gawarsa ta iso bakin rafin da rakiyar jami'an tsaro, kamar yadda ya dace da mai muƙaminsa. Shugaban 'yan rakiyar yana da umarnin kai shi har ƙofar gida, ya kuma so ya cika umarninsa. Hajiya Zuwairatu ta sauko daga mota ta gaishe shi, ta yi masa godiya a kan ɗawainiyar hanya, sannan ta ce, "Yallaɓai, ku yi mana haƙuri ku tsaya nan. Alhaji bai taɓa shiga garin nan da bindiga a bayansa ba, ba ni zan shigar da shi da ita yau ba." Jami'in ya ja mutanensa gefe, suka ƙame suka sara masa daga inda suke. Manoma da makiyaya suka karɓi makarar a kafaɗa suka tsallake da ita, ruwa iya gwiwa. Ƙungiya tana jinjina wa wannan jami'i da mutanensa, kuma za ta rubuta wa shugabanninsa don kada a ga laifinsa.

Da safiyar yau Ardo Nafi'u da Dattijo Gagare suka zo gidan rasuwa tare, bayan gaisuwa suka tambayi iyalin ko maganar rafi tana nan, ko kuwa an binne ta tare da mai ita. Tambayar ba ta raini ba ce. An yanke gero yana kwance a gonaki ba a kwashe ba, dawa kuwa sai nan gaba, shanu na jiran a gama girbi su shiga cin kara kamar yadda aka saba. Idan aka watse a wannan makon, abincin shekara ne zai lalace a fili. Iyalin suka ce musu amsar ba a hannunsu take ba. Tun daga jiya saƙonni ke shigowa cewa manyan tawagogi daga Abuja da Katsina da ƙasashen maƙwabta za su halarci addu'ar uku gobe Talata, kuma mun san yadda manya suke tafiya a wannan zamani, ba mu kuma ga laifinsu ba.

Saboda haka, da yawun iyalin marigayin, ƙungiya tana roƙon Masu Girma jakadu, da manyan sakatarori, da hafsoshi masu ci da masu ritaya, da 'yan majalisa, da iyayenmu sarakuna, da duk wani mai tafiya da rakiya, cewa a kashe jiniya tun daga kan hanyar Safana, a kuma bar masu tsaro da makamansu a bakin Rafin Kanya, inda aka tanadar musu inuwa da tabarmi da abinci. Daga tsallake akwai babura da za su kai baƙi gidan rasuwa, dattawan da ba sa hawa babur kuma an tanadar musu amalanken shanu. Mai babbar riga ya shirya tattare ta, domin ruwan bai janye ba tukuna. Duk wanda yanayin aikinsa bai ba shi damar rabuwa da masu gadinsa ba, Dakta Ramlat za ta zauna a zauren ƙungiya da ke Safana ta karɓi gaisuwarsa, kuma iyalin sun ce gaisuwar can da ta gida ɗaya ce a wurinsu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Zuwairatu, da Dakta Ramlat da ƙannenta, da jikoki, da al'ummar Tudun Iyatu da rugagen da ke kewaye da ita, da abokan aikinsa na gida da na ƙetare. Mun yi rashin uba, kuma rashin ya yi mana ciwo. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin jure wannan rashi, Ya kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya yi.

Shugabannin ƙungiya za su tsaya a bakin rafin gobe tun da hantsi domin tarbar baƙi. Mun gaya wa Ardo Nafi'u da Dattijo Gagare su zo su tsaya tare da mu, su ga amsar tambayarsu da idonsu. Muna roƙon duk wanda ya ƙaunaci Ambasada Almustapha Sammani ya shiga garinsa yadda shi ya shiga jiya.

Sa hannu:
Malam Sharhabilu Mannir Safana
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Zumuntar Ma'aikatan Batsari da Safana