Dutsen Indiyawa Ya Raba Ni da Zaurena

Malam mai amsa tambayoyi ran kasuwar Kafur, a taimaki tsoho. Bakina ne, hannun wani ke rubutu.

Tun kafin shekarar sannu, da annoba ta share shanun Fulani, ba a tashi tafiya a garinmu sai an tambaye ni. Ni na san watan da rafi ke ƙetaruwa, ni na riƙe sunan kakan kowa. To, bana abokina Maitama ya dawo daga Makka. Hajjin ban yi masa baƙin ciki ba, wallahi. Labarin da ya zo da shi ne. Wai a Jidda wani Ba'indiye mai sayar da yadi ya ce masa suna da ɗakin bauta can ƙolin dutse, kuma da bazara ake hawansa. Da ɗari ƙanƙara ke rufe hanya, da damina dutsen ke zaftarewa.

Da bazara, Malam! Wa ke taka dutse da bazara? Ko ƙadangare ɗaga ƙafa yake. Tafiya ai bayan kaka ce. Na ce wa Maitama ƙarya yake a gaban jama'a. Tun ranar zaurena ya koma na kaji, 'yan hira duk sun koma nasa. Wannan ma da sauƙi. Hajjo, matar da muka tsufa tare, ta kwashi abawarta ta koma kaɗi wajen matarsa, tana saurare ta bayan zana. Jiya na jiyo dariyarta. Rabon da ta yi wa labarina wannan dariyar na manta.

Gobe da safe zan ja shi mu hau dutsen bayan gari ba takalmi, mu zauna har rana ta take.

Naka, Tsoho Mai Riƙon Tarihi

Baba, ajiye maganar hawan nan. Ku biyu za ku sauko da tafin ƙafa a saɓule, kuma ba ku raba gardama ba.

A kan dutsenmu gaskiyarka ce. Amma dutse suna ya tara. Tambayi Buzaye masu kawo gishiri, za su gaya maka saman duwatsun Azbin ya fi gindinsu sanyi. Inda ɗari ke toshe hanya, bazara ce rangwame. Maitama abin da ya ji ya faɗa, ka ƙaryata shi a bainar jama'a, a nan kuma za ka wanke shi. Shi ma ya yi kuskure da bai fara kawo labarin zaurenka ba.

Sai dai ba dutse ke cin ka ba, dariyar Inna Hajjo ce. Labaranka ta haddace su kamar sunanta, sabo kunnenta ke so. Ka je da goro, ka sa Maitama ya ba ka labarin tun daga tushe. Shi gani ya yi ya wuce, kai ne mai riƙewa. Da la'asar ka ba ta shi da bakinka, ka ga inda za ta shimfiɗa tabarmar kaɗinta.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Baba lafiya.